Yadda Magidanci Zai Sayi Hatsin Shekara a Kaka Ya Adana Shi Ba Tare da Guba Ba

Duk wanda yake riƙe da gida a Sakkwato ya san cewa kuɗin tiyar gero a watan Oktoba daban yake da kuɗinta a watan Agusta. A Oktoba sabon hatsi ya cika kasuwa, manomi yana neman abin biyan bashin taki da hidimar auren 'ya'ya, saboda haka yana sakin kaya da sauƙi. A Agusta kuwa rumbuna sun yi ƙasa, na gona bai nuna ba, kuma wanda ya ajiye shi ne yake faɗin farashi. Iyayenmu na karkara ba su buƙatar a koya musu wannan, domin sun gaji rumbu, sun gaji dami. Mu da zama ya kawo cikin gari, muke jiran albashi ko ɗan cinikin shago, mu ne muka saba da awon kullum, alhali kuwa awon kullum ya fi kowace hanya tsada wajen ciyar da iyali.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau kan kowane buhun da ke shigowa gari. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 aka rufe kan iyaka, kasuwar Illela ta ji a jikinta har zuwa Maris 2024 da aka sake buɗewa. A tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kuma ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin shekarar, ƙarin bai kamo tsadar ba. Ga kuma rashin tsaro a gabashin jiha, wajajen Sabon Birni da Isa da Goronyo, wanda ya raba manoma da yawa da gonakinsu. A ganina rabon buhunan tallafi da gwamnatoci ke yi ba ya wuce mako biyu a tukunya, kuma da an sa wani kaso na kuɗin wajen sauƙaƙa wa jama'a kayan ajiya da ya fi amfani. Kafin a kai ga haka, akwai abin da magidanci zai iya yi da hannunsa.

Tun da farko ya kamata a daidaita niyya. Ajiye abincin iyali na shekara halal ne, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tanadar wa iyalinsa abincin shekara. Abin da aka hana shi ne kwashe kayan kasuwa a ɓoye domin a ƙuntata wa mutane har farashi ya tashi. Ban da haramcin, akwai kasada: bayan gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba tare da haraji ba na kwana 150 a 2024, farashin hatsi ya sauko a 2025, waɗanda suka tara domin riba suka tafka asara. Wanda ya saya domin tukunyar gidansa kuwa, ko farashi ya faɗi, abincinsa yana nan.

Matakin farko ana yin sa ne a cikin gida, tare da uwargida, tun kafin a doshi kasuwa. Maigida da yawa ba su san adadin abin da gidansu ke ci ba, sai dai su ji an ce hatsi ya ƙare. A roƙi uwargida ta riƙe lissafin mako guda cur, tana auna duk abin da ta ɗiba da tiya ɗaya da ba ta sauyawa: geron fura da kunu, dawar tuwon dare, masara, shinkafa da wake. A rubuta a littafi, a ninka zuwa wata, sannan zuwa shekara. Alal misali, gidan da ke cin tiya ɗaya ta gero a rana yana bukatar tiya 30 a wata, wato kusan 360 a shekara, kuma idan buhun da za a saya yana ɗaukar tiya 40, buhu 9 ke nan. A kan wannan sai a ƙara na azumi, domin kunu da ƙosai da sadakar buɗa-baki suna cin gero da wake fiye da kowane wata, a ƙara na zakkar kono gwargwadon yawan mutanen gida, a kuma bar wani abu saboda baƙi da 'yan'uwa na ƙauye da ba a rasa su. Idan gidan na mace fiye da ɗaya ne, a yi lissafin a gaban kowa, don kada ajiyar ta zama sanadin ƙorafi daga baya.

Ba lalle ne kuɗi su kai na shekara ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Wanda ƙarfinsa na wata huɗu ne, ya saya ya rufe, ya ci gaba da awonsa na yau da kullum a lokacin da hatsi ke da sauƙi, ya bar ajiyar sai daga Yuni zuwa Satumba, watannin da tsada ta fi tsanani. Wannan dabarar ita ce na fi ba ƙananan ma'aikata shawara a kai.

Mataki na biyu shi ne haɗa kuɗin. Hanya mafi sauƙi ita ce adashe, a roƙi uwar adashe tun da wuri ta sa kwasar mutum ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba. Ban ba da shawarar cin bashi mai kuɗin ruwa domin sayen hatsi ba, domin ban da haramci, ruwan yakan cinye duk sauƙin da aka samu. Hanya ta biyu ita ce watanda, irin wadda muka saba yi da saniya a ƙaramar sallah: abokan aiki ko maƙwabta su haɗa kuɗi su yi sari tare, su ɗauki mota ɗaya, su raba. Sari da yawa yana rage farashi, kuma kuɗin mota da na 'yan dako yana raguwa a kan kowa.

A nan zan ɗan tsaya, domin watanda a wurin aiki tana buƙatar adalci fiye da yadda ake zato. A wani wuri da na taɓa aiki mun yi irin wannan haɗin, kowa ya biya daidai da na kowa, amma ranar rabo manya suka aiko direbobinsu suka zaɓi buhunan sama, aka bar wa masinja da maigadi da mai shara na ƙasan mota, waɗanda suka yage suka zube a hanya. Babu wanda ya ce uffan, domin ƙarami ba ya iya ɗaga murya a gaban wanda ke sa hannu a takardar hutunsa, amma shekara ta gaba ba su sake shiga ba, alhali su ne suka fi kowa buƙata. Saboda haka a naɗa mutum uku su riƙe al'amarin, ɗaya daga cikinsu ya kasance ƙaramin ma'aikaci. A rubuta abin da kowa ya bayar da abin da aka kashe, har kuɗin dako da la'adar dillali, a karanta a gaban kowa. A juye hatsin a sake aunawa da tiya ɗaya, a jera kason, sannan a yi ƙuri'a, ko kuma a bar mai ƙaramin albashi ya fara ɗauka. Idan akwai ma'aikatan wucin gadi da albashinsu ke makara, a ba su damar biya kashi biyu ko uku. Asarar da aka samu a hanya kuwa a raba ta a kan kowa.

Mataki na uku shi ne sanin lokacin kowane abu, domin ba rana ɗaya amfanin gona ke shigowa ba. Gero yakan fara isowa tun Satumba, amma na farkon yakan zo da ɗanshi, gara a jira Oktoba zuwa Nuwamba. Wake da masara su ma a wannan tsakanin suka fi yawa. Dawa tana makara, sai iskar hunturu ta kankama a Nuwamba da Disamba. Shinkafar fadamun Rima tana zuwa sau biyu, ta damina da ta rani, kuma mai wurin ajiya gara ya sayi shanshera, wato mai ɓawonta, domin ta fi daɗewa, ya riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan. Game da wurin saye, kasuwannin mako irin su Achida da Gwadabawa da Bodinga da Illela sun fi kusa da manomi, amma dole a haɗa kuɗin mota a lissafi, a kuma tambayi halin hanya kafin a tashi. Sau da yawa wanda zai sayi buhu biyu ko uku ya fi samun sauƙi idan ya tsaya cikin gari, a Tsohuwar Kasuwa ko Kara. Kada a yi tafiya da tsabar kuɗi masu yawa a aljihu. A yi magana da mai kaya tun farko ko yana karɓar tura kuɗi ta waya, ko a cire a wurin mai POS na cikin kasuwar.

Mataki na huɗu, wato sayen kansa, shi ne inda aka fi cutar wanda bai saba ba. A je da tiyar gida, wadda uwargida ta yi lissafi da ita, domin tiyoyin kasuwa ba girmansu ɗaya ba, kuma akwai waɗanda ake bubbuge gindinsu su shige ciki. Allah ya saukar da sura guda a Alƙur'ani a kan masu tauye mudu, kuma mafi yawan 'yan kasuwarmu masu tsoron Allah ne, amma hakan bai hana mai saye buɗe ido ba. Kafin a yi ciniki a tambayi tiya nawa ke cikin buhun, a kuma amince kan yadda za a cika ta, shafe ko mai tozo. Buhun da aka ɗinke kada a yarda da samansa kawai, a sa a juye shi a kan tabarma ko tamfol, domin algus a tsakiya da ƙasa yake zama: yashi, tsakuwa, ƙaiƙayi, ko tsohon hatsin bara da aka gauraya da sabo. Kuɗin da za a ba yaro ya juye ya sake ɗurawa bai kai asarar tiya uku ta yashi ba.

Idan an juye, a ɗebo da hannu a duba a kuma shinshina. Sabon gero yana da ƙanshi da sheƙi, tsoho kuwa ya dushe, yana barin gari a tafin hannu. Masarar da ke da baƙi-baƙi ko kore-kore a bakin ƙwayar, ko take warin funfuna, a bar ta ko da kyauta ce, domin irin wannan funfunar tana haifar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana lalata hanta a hankali. Gyaɗa ma haka take. Wake kuwa a kula da abu biyu: huji da ƙananan fararen ɗigo a jikin ƙwayar, waɗanda ƙwan ƙwaro ne, da kuma warin magani. Idan wake yana warin fiya-fiya, ko yana da wata farar ƙura da ba ta gona ba, ko an ga matattun ƙwari a gindin buhu, an riga an zuba masa guba. Ba ƙaramar magana ba ce, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan sinadarin dikulobos da aka samu a cikinsa, wato sinadarin da ke cikin Sniper, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi kan amfani da shi a kayan abinci. Abin da wasu ƙasashe suka ƙi ba wa mutanensu, bai kamata mu dafa wa 'ya'yanmu ba.

Mataki na biyar shi ne shanya, kuma a kansa duk sauran aikin ya dogara. Hatsin da aka rufe da ɗanshi zai yi zafi a cikin buhu, ya dunƙule, ya yi funfuna, komai kyawun buhun. Mu a nan Allah ya hore mana rana da busasshiyar iskar hunturu, saboda haka kwana biyu ko uku sun isa. A shimfiɗa tamfol ko tabarma mai tsabta a tsakar gida ko a kan soro, kada a zuba a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, a baza hatsin kada kaurinsa ya wuce yatsu uku, a riƙa motsa shi da hannu, a kwashe kafin faɗuwar rana saboda raɓa. A wannan lokacin ne mata za su sheƙe shi su bakace, a fitar da ƙaiƙayi da fasassun ƙwayoyi, domin su ne ƙwari suka fi fara kamawa.

Akwai gwaji biyu na sanin ko ya bushe. Na farko shi ne na haƙori: busasshiyar ƙwaya tana fashewa da ƙara idan aka ciza, mai ɗanshi kuwa tana lotsewa. Na biyu ya fi tabbas. A samo kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a shanya gishiri a rana ko a ɗan soya shi a busasshen kasko har ya bushe sarai, a zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin, a rufe a girgiza kamar minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran ɗanshi, a mayar shanya. Idan ya zube ƙasa bai kama gilashin ba, hatsin ya isa ajiya. Abu ɗaya da ake yawan mantawa shi ne a bar shi ya huce a inuwa kafin a ɗura, domin hatsi mai zafin rana yana yin gumi a cikin leda.

Wake yana buƙatar ƙarin kulawa, saboda ƙwaronsa tun a gona yake saka ƙwai, kuma cikin zafi irin namu yakan ƙyanƙyashe ya girma ya sake saka wasu cikin kamar wata guda, shi ya sa waken da aka saya sumul a Nuwamba yake komawa gari kafin Afrilu. Kafin a rufe shi yana da kyau a gasa shi da rana. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko kwali a ƙasa, a ɗora baƙar leda mai faɗi, a baza waken siriri, a lulluɓe da farar leda mai nuna abin da ke ciki, a naɗe gefunan a danne da duwatsu, a bar shi aƙalla awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana kashe ƙwaro da tsutsa da ƙwai.

Mataki na shida shi ne rufewa, kuma sirrinsa ɗaya ne, wato hana iska shiga. Ƙwaro yana numfashi kamar kowace halitta, idan iskar da ke cikin mazubin ta ƙare sai ya daina ci da haihuwa ya mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007 domin wake, daga baya aka ga yana yi wa masara da dawa da gero. Buhun hawa uku ne, ledoji biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kuma ana samunsa a shagunan kayan noma.

Ga yadda ake aiki da shi. A ware ledojin biyu, a buɗe kowace ta cika da iska, a riƙe bakin a matsa, idan tana sacewa akwai huji, kada a yi amfani da ita a ciki. A zuba hatsi kaɗan a leda ta farko domin ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su duka cikin buhun saƙa, a naɗe bakunan uku waje guda. A ci gaba da ɗurawa a hankali ana jijjiga buhun domin hatsin ya zauna ba tare da gurabun iska ba, a bar kamar taƙi ɗaya da rabi a sama saboda ɗauri. Daga nan a kama bakin leda ta ciki ita kaɗai, a matse iskar da ta rage, a murɗa shi sosai, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko tsinken roba. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa bakunan uku a yi musu ɗauri ɗaya, wanda hakan ke barin iska ta shiga. Bayan an ɗaure kada a buɗe kafin wata biyu, kuma kada a bar kowa ya soka ƙarfe don duba abin da ke ciki. Saboda wannan ne ya kamata a ware abin da za a ci a watannin farko a buhu na daban.

Wanda bai samu wannan buhun ba, jarka ko durom mai murfin da ke rufuwa gam yana yin aikin, muddin ba a taɓa zuba fetur ko kalanzir ko maganin feshi a ciki ba. Jarkar man gyaɗa mai lita 25 ta dace da wake ƙwarai: a wanke ta, a bar ta ta bushe sarai, a cika ta har wuya ana bubbugawa, a sa 'yar leda a bakin kafin a murɗa murfin. Amfanin jarka shi ne kusu ba ya iya huda ta, kuma ana buɗe ɗaya a cinye ba tare da an taɓa sauran ba. Tsohuwar hanyar kakanninmu ta toka ma tana aiki ga wake kaɗan, a tankaɗe tokar itace mai sanyi a gauraya da wake awo ɗaya da awo ɗaya, a rufe samansa da toka. Wanda kuma yake da fili da rumbu, babu abin da ya kai barin gero a zangarniyarsa, dabarar da ta zo tun a ƙissar Annabi Yusufu.

Game da ƙwayar Phostoxin da wasu ke jefawa a buhu, roƙona shi ne a nisanta ta daga gidan da mutane ke kwana. Tana sakin iskar guba mai ratsa buhu da ƙofa, an yi ta ne domin manyan ɗakunan ajiya a hannun waɗanda aka horar, kuma tana iya kashe mutum a cikin barcinsa, musamman yara.

Mataki na bakwai shi ne wurin ajiya. A share ɗakin, a fitar da tsofaffin buhuna da ragowar hatsin bara, a toshe ramukan kusu da siminti, a duba rufin tun kafin damina, domin ɗigon ruwan Agusta ɗaya yana iya lalata aikin shekara. A jera katako ko bulo a ɗora buhunan a kai, a bar tazara tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa, saboda gara da ɗanshin bango. Ɗakin ya kasance mai inuwa, domin zafin Maris zuwa Mayu a Sakkwato yana haura digiri 40, kuma rana tana cin leda. Kada a haɗa hatsi da taki ko fetur ko sabulu a ɗaki ɗaya. A rubuta ranar rufewa a jikin kowane buhu, a riƙa leƙawa duk mako biyu, idan an ga kusu ya huda leda a sauya ta a ranar.

Tuwo ba ya tafiya sai da miya, saboda haka idan sanyi ya kawo arahar tumatir da tattasai da attaruhu daga fadama, tsakanin Janairu da Maris, a saya a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta a yi kauɗa, haka ma kuɓewa. Albasa, wadda Allah ya albarkaci yankinmu da ita, ba ta son leda ko kaɗan. A zaɓi wadda wuyanta ya bushe, a baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince mai ruɓewa. Kuka da daddawa da gabu kuwa robobi masu murfi sun ishe su.

Idan lokacin buɗewa ya yi, a ɗebi na mako biyu ko na wata, a mayar da ɗaurin yadda yake nan take. Kada a kai gero inji da yawa a lokaci ɗaya, domin garinsa yana da maiƙo, bayan 'yan kwanaki cikin zafi yakan sauya ɗanɗano ya yi ɗaci, fura da kunu su rasa daɗinsu. Gara a surfa a niƙa na kwana uku ko huɗu. Dawa da masara sun fi haƙuri, garinsu yana kai mako biyu idan an shanya shi bayan niƙa, ko na tuwo ne ko na hoce. Waken da ya yi watanni a ajiye yana ƙara tauri, saboda haka a jiƙa shi tun da dare, a zubar da ruwan jiƙon, a ɗora da sabon ruwa, a jinkirta tumatir sai ya fara laushi. Wannan yana rage lokacin dahuwa da cin gas ko gawayi, kuma yana sa a rage yawan kanwa. Waken da aka gauraya da toka a tankaɗe shi a wanke sau biyu kafin a dafa.

A cikin littafin nan da aka fara lissafi, uwargida ta riƙa rubuta ranar da aka buɗe kowane buhu da ranar da ya ƙare, domin shi ne zai gyara lissafin kaka mai zuwa. Buhun da ya ƙare a kakkaɓe ledojinsa, a goge su da busasshen tsumma, a ninke a rataye inda kusu ba zai kai ba. A watan Satumba a sauko da su a sake gwada su da iska, wadda ta huje a mayar da ita ta shimfiɗar shanya, mai lafiya kuma a ajiye ta kusa, ta jira sabon gero.